Goran da Mang Oban Ya Sara da Damina

Da za a ce a fitar da mutum ɗaya a ƙauyen Pasirawi wanda Allah bai ba shi kunnen kiɗa ba, ba sai an tara jama'a ba, kowa gidan Mang Oban mai awara zai nuna. Sau ɗaya ya taɓa rera waƙa a bainar jama'a, a bikin ƙanwarsa, kuma har yau dangin ango suna ganin da gangan aka yi musu. Idan ya yi fito, agwagi ne kawai ke amsawa. Amma wannan bawan Allah shi ya riƙe ƙungiyar kiɗan angklung ta garin shekara goma sha tara, ba albashi, ba naɗi, ba ko 'yar takardar godiya da zai rataya a bango.

Shigarsa ma tsautsayi ne. Malamin da ya kafa ƙungiyar, Pak Dayat, an yi masa canjin wurin aiki bagatatan zuwa can bakin teku. Ranar tafiyarsa ya tsaya a ƙofar makarantar firamare da jakarsa, yana neman wanda zai ba ajiyar makullin ɗakin kayan kiɗa, sai ga Mang Oban a kan babur da akwatin awara a baya. Ya ce masa ya riƙe zuwa Litinin, za a turo wani. Litinin ɗin ta zo ta wuce, ta janyo 'yan'uwanta kusan dubu, ba a turo ko kyanwa ba. Makullin yana nan a wuyansa, igiyar ce dai aka canza sau shida.

Shi angklung ba sarewa ba ne, da mutum zai zauna gindin bishiya shi kaɗai ya ɗebe wa kansa kewa. Gora ne biyu ko uku aka fafe aka rataya a firam, a girgiza su yi sauti, kuma kowane ɗaya murya guda tak ya sani, ita zai yi ta yi har ya mutu. Don haka waƙa ɗaya sai an tara mata mutum talatin ko arba'in, kowa da lambarsa, kowa ya jira a zo kansa. In mai lamba uku ta tafi kai wa mijinta abinci gona, waƙar za ta fito da giɓi kamar bakin tsoho.

Wannan tsarin ne ya rufa wa Mang Oban asiri. Pak Dayat ya bar wani littafi mai waƙoƙi ashirin da uku, duk da lambobi aka rubuta su. Shi dai nasa ya kwafe lambobin a allo, ya ɗauki sanda ya bi su ɗaya bayan ɗaya, wanda aka nuna lambarsa ya girgiza. Kunne babu, amma hannu akwai, don mutumin da ya shekara talatin yana yanka awara daidai wa daida, sandarsa ba ta gaggawa ba ta nawa. Ragowar aikin kuwa na ƙafa ne. Tallan awarar safe shi ne kiran suna: a miƙa wa uwa awara, a tuna mata cewa 'yarta ce lamba shida ranar Asabar bayan la'asar, a lallashi uban da ke ganin ɗansa ya fi amfani a yankan ciyawar awaki, a yi wa mai jego barka, a kuma tambaye ta a hankali yaushe za ta dawo, don bakwai ta yi shiru. Makarantar ba ta da malamin kiɗa, ba ta taɓa yi ba tun bayan Pak Dayat. Duk yaron Pasirawi da ya san cewa waƙa tana da hawa da sauka, a ɗakin nan ya sani, da soyayyiyar awara a hannu ɗaya. Suna girma motar masana'anta ta kwashe su zuwa Bandung, shi kuma ya koma aji uku ya ɗebo sababbi.

Manya ma suna ciki, manoma da matan kasuwa. Shugabarsu, ba tare da an zaɓe ta ba, ita ce Ceu Popon mai busasshen kifi, wadda ta riƙe lamba biyar shekara goma sha huɗu. Babu waƙar da ba ta bi ta kan biyar, ta kuwa san haka, shi ya sa take zuwa a makare ta kuma fara faɗa. Ita ce ta ce sandar Mang Oban ta fi shi sanin kiɗa, kuma ranar da aka raba gado sandar ce za ta gaji ƙungiyar.

Kunnen da Mang Oban bai da shi yana kan wani tsoho, Abah Suminta, wanda ya ƙera kayan tun farko. Yanar ido ta rufe masa gani har sai ya shafa fuskar mutum kafin ya tabbatar, amma in aka girgiza angklung a ƙofar masallaci, daga ɗakinsa zai faɗi lambar, ya ƙara da sunan wanda ke riƙe da shi. Abah yana da doka ɗaya da ya gada, ba ya kuma ɗaga wa kowa ƙafa a kanta. Baƙin gora kaɗai ake yi da shi. Ba a saransa sai tsakiyar rani, kuma sai rana ta ɗaga sosai, lokacin da zaƙin jikinsa ya sauka zuwa saiwa. A jingine shi a cikin kurmin da ganyensa har ganyen ya zube, sannan a kai shi saman murhu ya sha hayaƙi shekara guda. Wanda aka sara da damina cike yake da zaƙi, ƙwaro kuwa ba ya jin kiɗa, zaƙi yake bi.

Kayan farko sun haura shekara ashirin, sun fara tsagewa, wasu an ɗaure da roba, wasu da addu'a. Su biyun suka yi shawara cewa rani mai zuwa, watan Yuli, don a wannan ƙasa lokacin ne tsakiyar rani, za a shiga kurmin Haji Engkos a sari sabo. Shi ne kaɗai kurmin baƙin gora a wannan gefen dutse, na ƙetare kuwa masu sana'ar birni sun kama shi tun yana tsiro. Haji Engkos bai taɓa hana su ba, sharaɗinsa kawai a yi masa kiɗa ranar da jikokinsa suka zo hutu.

Haji Engkos ya rasu a watan Nuwamba. Kafin a yi sadakar arba'in, magada sun sayar da tudun da kurmin yake kai ga masu gidan kaji. A farkon Janairu, ruwa na zuba kamar an huda sama, Mang Oban ya ga an kafa jajayen turaku a kewayen kurmin. Ya tambaya, aka ce katafila za ta shiga nan da mako biyu.

Wata shida kawai yake nema, ya kuwa bi ƙofa ƙofa yana roƙo. Babban ɗan marigayi, wanda ya zo daga Jakarta, ya karɓe shi hannu bibbiyu, ya sa aka kawo shayi da soyayyiyar ayaba, ya ce mahaifinsu ya so kiɗan nan ƙwarai, har ya share hawaye, sannan ya ce takardu dai an riga an sa hannu. Dagaci ya ba shi shayi, ya ce magana ce mai muhimmanci, za a sa ta a taron wata mai zuwa. Shugaban leburori, wani baƙo mai fara'a, ya zuba masa shayi daga fulas, ya ce goran nan duka nasa ne, ya kwashe kyauta, har mota zai ara masa, amma ɗaga shigar katafila daga Litinin ta sama ba ya hannunsa. A garinmu ba a ce wa mutum a'a. Shayi ake ba shi. Mang Oban ya koma gida cikinsa na ƙugi da shayin mutum uku, hannunsa babu ko kwana ɗaya na ƙari.

Ya sami Abah a baranda yana sauraron ruwa.

"Abah, ko mu sara yanzu, ko katafila ta sara mana."

"Oban, goran damina ba gora ba ne, rake ne ya yi ɓatan kai. Kai da hannunka za ka dafa wa ƙwaro abinci, ka kai masa har ɗaki, ka ce ya yi bismilla."

"To in bar shi a ƙone?"

"Ni dai wuƙata ba za ta taɓa shi ba. Je ka tambayi wanda ya sayar."

Kwana uku Mang Oban yana juya maganar. In ya bari, babu gora har abada. In ya sara, akwai gora da ƙwaro. Ya ga dai mai ɗan rai ya fi gawa. Ranar Alhamis ya nemi manoma uku daga cikin 'yan ƙungiya suka hau tudun da adduna. Ceu Popon ta biyo su da laima, wai ta zo ne ta ga wauta da idonta don kada a ba ta labari. Abin da ya fi ba ta dariya shi ne Mang Oban ya hana a sa adda sai rana ta ɗaga, alhali rabon garin da ganin rana kwana tara. Suka tsaya cikin ruwa, shi yana duban agogo, har ƙarfe goma ta buga, sannan ya ce bismilla. Rabin dokar da ke hannunsa ya cika ta. Kowace sara, ruwa ya tsarto daga goran kamar an fasa kwakwa, ya yi kamar bai gani ba.

Jingine shi a kurmi kuwa ba hali, tunda kurmin kansa ya kusa zama tarihi. Aka kwaso gora sittin da ɗoriya zuwa rumfar da matarsa Bi Icih ke dafa waken awara, aka jera a saman murhu har mutum sai ya sunkuya kafin ya shiga. Bi Icih ta buga goshi sau biyu a rana ɗaya, ta ce ashe gidan na gora ne, su 'yan haya ne ba su sani ba. Ranar Litinin ɗin katafila ta shiga. Da yamma Mang Oban ya je ya tono kututturen gora bakwai daga cikin tarin da aka ture, ya ɗauro a babur ya dasa bayan rumfa, bai gaya wa kowa dalili ba.

Masu shawara kan maganin ƙwaro kuwa suka yi masa caa. Wannan ya ce ruwan taba, wancan ya ce gishiri. Wadda kowa ya yarda da ita ita ce a nutsa goran cikin laka a tafkin kifi wata guda, haka ake yi wa na rufin ɗaki, ƙwaro ba ya kusantarsa. Ya aika a tambayi Abah. Amsar ta dawo cewa gaskiya ne, ƙwaro ba zai ci ba, amma goran zai fito bebe. In rufin ɗaki yake so ya yi wa yara kiɗa da shi, to ga tafki nan. Sai hayaƙi ya rage. Bi Icih ta ƙona ɓawon kwakwa fiye da yadda ta ƙona a shekara uku, awararta ta fara ɗanɗanon gobara, masu saye suka fara tambaya ko lafiya.

A watan Mayu aka gayyace su wani biki. Ana tsakiyar waƙar rakiyar amarya, lamba biyu ta tsage gida biyu, ta huɗu ta bi ta. Aka ƙarasa waƙar tana ɗingishi, amarya na dariya a bayan mayafi. Washegari da hantsi sai ga Abah a ƙofar rumfar, yana dogara sanda, ba wanda ya kira shi. Ya sa aka sauko da gora ɗaya, ya ƙwanƙwasa da bayan yatsa, ya kara a kunne, ya daɗe. Ya ƙwanƙwasa na biyu. Sai ya ce a je gida a ɗauko masa wuƙarsa, amma kada wani ya zo masa da kuka daga baya. Wata huɗu kacal goran ya yi a hayaƙi maimakon shekara, su biyun sun sani, ba wanda ya tayar da zancen.

Wata uku Abah yana fafewa, yana girgizawa, yana kankare bakin kowane gora da ƙanƙanin abin da bai kai farce ba har muryar ta zauna. Firam sababbi ba shi da ƙarfin yi, sai aka kwance tsofaffin kayan aka ɗauki nasu. Tsofaffin goran da aka cire, rabinsu a tsage, aka tara a kusurwar rumfa, Bi Icih kuma ta riƙa zara ɗaya ɗaya tana sa wa wuta in itace ya jiƙe. Mang Oban ya gani bai hana ba. Wa ke ajiye tsohon takalmi bayan ya ɗinka sabo?

Ranar bikin 'yancin kai, cikin watan Agusta, suka fito fili su arba'in da biyu da sababbin kaya baƙaƙe sumul. Ko mutanen da ke zuwa don kallon gasar hawan sanda mai maiƙo sun juyo. Sautin ya fito garau, mai taushi, kamar ruwa na gangarowa kan duwatsu, tsofaffin mata suna share ido da gefen ɗankwali. Dagaci ya karɓi lasifika ya yi bayanin irin ƙoƙarin da hukumar ƙauye ta yi. Mang Oban bai ji bambanci tsakanin wannan sauti da na bara ba, amma ya ga fuskokin mutane, ya kuma ga Ceu Popon ta zo a kan lokaci, ya san lallai wani abu ya faru. Abah kaɗai ne bai tafa ba. Da aka tambaye shi, ya ce tabbas bai taɓa ƙera masu zaƙin murya irin waɗannan ba, kuma zaƙin ne ke ba shi tsoro.

Wata uku Mang Oban ya yi yana tafiya kamar an biya masa Makka. Yara goma sha ɗaya sababbi suka shiga, har ya fara tunanin neman waƙa ta ashirin da huɗu.

Da ruwan farko na Nuwamba ya sauka, ya buɗe ɗakin wata Asabar ya ga wani ɗan gari a ƙasa, ƙarƙashin inda ake rataye kayan, fari mai laushi kamar hodar jarirai, bai fi a ɗebe da yatsa biyu ba. Ya tsaya yana kallonsa. Ya ce wa kansa alli ne. Ya share. Ranar Litinin ya biyo da akwatin awara a baya, ya leƙa, ya tarar da tsibi uku. Ya ɗaga lamba bakwai ya duba a hasken taga, ga ƙananan huji kamar an soka allura.

Daga ranar ya zama mai shara. Kullum kafin a buga ƙararrawar makaranta ya zo ya share, ya zuba garin a aljihu ya kai bayan gari, kamar mai ɓoye gawa. Ya roƙi ma'aikaciyar asibitin ƙauye tsohon sirinji, ya riƙa ɗura kananzir a kowane huji. Ya toshe goma, gobe ya tarar da ashirin. Ɗakin ya koma warin gareji, yara suka fara ciwon kai, ya ce musu maganin sauro ne. Ceu Popon ta girgiza nata wata Asabar, ta karkata kai, ta ce, "Mang, biyar ɗina ta kamu da mura." Ya ce danshin damina ne, rana na fitowa za ta warke. Ta dube shi, ta dubi tsintsiyar da ke bayan ƙofa, ta koma wurinta.

Abin da ya fi cinsa shi ne ba ya ji. Yana ganin garin, yana ganin hujin, amma in aka fara waƙa shi duk ɗaya ne a kunnensa. Sai dai ya karanta a fuskokin yara, yadda suke ɗan yamutsa fuska su saci kallon juna in an zo wata lamba. Abah kuma, da ake kawowa kowace Asabar ya zauna a benci na baya, ba ya ganin gari ba ya ganin huji. Mang Oban ya riƙa gode wa Allah da wannan yanar ido, yana kuma istigfari a kan godiyar.

Wata Asabar cikin Janairu, shekara guda cif da saran, aka tashi kowa ya watse, Abah ya ce a bar shi, Oban zai kai shi gida a babur. Da ɗakin ya yi shiru sai ya ce:

"Oban, yaushe ka zama mai tsafta? Wata biyu ke nan ina jin ƙasan ɗakin nan sumul a tafin ƙafata, kai da ko babur ɗinka sai ruwan sama ya wanke maka."

Mang Oban ya zauna a kan teburin yara, sandar na hannunsa. Ya ce, "Guda nawa, Abah?"

"Waɗanda muryarsu ta sauka, goma sha ɗaya. Waɗanda za ta sauka, duka."

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun kafin ka sayi tsintsiya. Na yi shiru ne don na ga kana jin daɗin ɓoye mini."

"Babu abin da za a yi?"

"Akwai. A koma bara a ɗaure ka a gindin kwakwa." Tsohon ya ɗan yi dariya, ta koma tari. "Bar dukan kanka. Hannunka ya sara, nawa ya fafe, kuma ni na fi ka sanin abin da nake yi. So nake in ji goran tudun nan ko sau ɗaya kafin kaji su gaje shi. Na kuwa ji."

Abah ya gwada abin da zai iya. Ya kankare bakin wasu don muryar ta koma mazauninta, amma jikin goran ya zama kamar takarda, wuƙa na taɓawa ya burme. Shugabar makaranta ta taimaka aka rubuta takardar neman sababbin kaya, Mang Oban ya sa rigarsa ta zuwa biki ya kai birni da kansa. Ofis huɗu ya shiga. A na ƙarshe ma har da biskit aka haɗa masa.

Biyar ta mutu a watan Maris, a wajen walimar kaciyar jikan liman. An zo kanta, Ceu Popon ta girgiza da ƙarfinta na kullum, sai goran ya murƙushe a hannunta, gari ya bule mata a zane, firam kaɗai ya rage. Sandar Mang Oban tana kan biyar, filin ya yi tsit. Matar da ta shekara goma sha huɗu bakinta bai huta ba ta tsaya tana kallon tafin hannunta. Shi kuma bai san abin da zai yi ba, sai hannunsa ya yi abin da ya saba, ya ƙirga lokacin biyar ya wuce zuwa uku. Aka ƙarasa a haka. Tun daga nan ba a sake gayyatarsu biki ba, ba kuma wanda ya ce an daina. In an haɗu da shi a hanya sai a yaba ƙoƙarinsa a tambayi lafiyar Bi Icih.

Cikin kututture bakwai da ya dasa, huɗu sun kama. Ya ɗauko Abah a babur ya kawo shi bayan rumfa, ya kama hannunsa ya ɗora a kan tsiron, wanda bai wuce kaurin babban yatsa ba. Tsohon ya shafa, ya ce baƙi ne na gaske, ba gardama. Mang Oban ya tambayi yaushe za a iya sara. Abah ya ce shekara biyar in ƙasa ta yi masa kirki, da rani, sannan shekara guda a hayaƙi, cikakkiya wannan karon. Mang Oban ya haɗa shida da tamanin da ɗaya, shekarun Abah. Ya kuma haɗa shida da shekarun 'yan aji uku, ya ga motar masana'anta ta riga ta tsaya a bakin hanya.

"Ka koya wa wani, Abah. Ko ni ne."

"Kai? Gara in koya wa agwagwa, ita aƙalla tana amsa fito." Ya sake shafa tsiron. "Wuƙa ana koya ta a wata uku. Kunne ne ba a ba da aronsa. Ka dai kula da awaki kada su cinye. In ya isa ka kawo mini, in ka same ni."

Yanzu saura goma sha tara masu murya a cikin arba'in da biyu, kuma Abah ya ce cikin sha taran ma shida ƙarya suke yi. Iyaye sun fara janye yara, ba da faɗa ba, wannan an ce tana taya uwarta aiki, wancan an ce ya fara karatun allo da yamma. Makon jiya shugabar makaranta ta kira Mang Oban ofis, ta zuba masa shayi, ta yi masa bayanin yadda ake ƙarancin ɗakin ajiye littattafai, ta ce ba gaggawa, ya yi tunani. Ya shanye shayin ya yi godiya.

Ranar Asabar bayan la'asar ya zo da awara a leda, ya ciro makullin daga wuya ya buɗe. Ya daina shara, garin yana nan a ƙasa kowa na takawa. Mutum ashirin da ɗoriya suka zo. Ceu Popon ta shigo a makare, da firam ɗinta wanda babu komai a ciki, ta tsaya a wurinta ta ce wa na kusa da ita ya matsa, yana tare mata hannu. Abah na benci na baya. Mang Oban ya kwafe lambobin a allo duka, bai tsallake ko ɗaya ba, ya ɗaga sanda. Ɗaya ta amsa, uku ta amsa da kyar. Ya kai kan biyar, ya tsayar da sandar daidai tsawon lokacinta, ba a jin komai sai ruwa a kan kwano da kukan kaji daga tudu, sannan ya matsa gaba.